iPod ɗina mai Rockbox yana cinye fayiloli yana rubuta PANIC: memori ne, fileks ne, ko manhajar ce?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masu sanin Rockbox a cikinku, wato manhajar 'yan sa kai da ake sa wa na'urar sauti irin iPod a madadin ta kamfani. Ina da iPod Video, samfurin 2006 ɗin nan da ake kira 5.5G, mai 80GB. Faifan cikinsa ya mutu, sai wani mai gyara ya cire shi ya sa mini adafta mai karɓar memori, da memori mai 256GB, ya mayar mini da Rockbox kamar yadda yake da.

Da farko lafiya lau. Na zuba karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi na shekaru da yawa, komai yana kunnuwa. Da na ci gaba da zuba sauran kayana, musamman wa'azi da waƙoƙin gargajiya da aka juyo mini daga kaset-kaset ɗin mahaifinmu, sai abubuwa suka fara rikicewa. In buɗe folda in tarar wayam, ko in ga sunayen fayiloli sun koma wasu alamomi marasa kan gado. Wani fayil ɗin sunansa daidai, girmansa daidai, amma da na danna sai ya tsallake zuwa na gaba. Jiya da dare kuma ya tsaya cak ya rubuta *PANIC*, a ƙasa akwai "dc_writeback_callback() - Could not write sector" da wasu lambobi. Na danne Menu da maɓallin tsakiya ya sake tashi, sai ya ce "No partition found". Da na sake tayar da shi ya dawo daidai.

Yawancin kayan ina da kwafinsu a kwamfuta, amma wasu daga cikin kaset ɗin kai tsaye wanda ya juye su ya zuba mini a ciki. Su ne damuwata. Me zan yi?

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka haɗa shi da iTunes ka yi masa Restore ya koma manhajarsa ta asali, ka huta. Waɗannan manhajojin na 'yan sa kai haka suke, yau lafiya gobe rigima.

Injiniya Bashir:
Don Allah Abban Khadija kar ka taɓa Restore yanzu. Restore goge komai yake yi, har da kaset ɗin da kake tsoron rasawa. Kar kuma ka ƙara zuba ko da fayil ɗaya. Abin da za ka fara yi shi ne ka kwashe duk abin da zai kwasu. Danne Menu da tsakiya har tambarin Apple ya fito, nan take ka koma ka danne tsakiya da Play. Zai shiga Disk Mode, wato na Apple ne ke magana da kwamfuta, babu hannun Rockbox. Ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta ka kwafe komai ciki. Wanda ya ƙi kwafuwa ka tsallake shi, ka rubuta sunansa.

Bayan haka ka amsa mini: wace siga ce ta Rockbox a ciki? Za ka gani a System, sai Rockbox Info. Sannan lokacin da kake zuba kaya, a cikin Rockbox kake sa kebul ko a ɓangaren Apple?

Ɗan Gwammaja, maganarka kuma ba adalci a ciki. Rockbox tun farkon shekarun 2000 ake aikinsa, a kan na'urorin Archos aka fara, kuma shi ya sa iPod Classic ɗin da kamfaninsa ya daina yi tun 2014 yake kunna fayilolin sauti irin FLAC da Opus har yau. Saƙon PANIC ɗin nan ma amfani ne. Cewa yake na yi ƙoƙarin rubutu a sekta kaza (ɗan gurbi a ajiya) an ƙi karɓa, don haka na tsaya kafin in ƙara ɓarna. Manhajar asali da ta haɗu da wannan sai dai ta daskare ko ta nuna maka hoton folda, ba za ta gaya maka komai ba.

Abban Khadija:
Na gode Injiniya. Siga 3.15 ce. A cikin Rockbox nake sa kebul, ban ma san akwai wata hanya ba. Na shiga Disk Mode yanzu, kwafin yana tafiya. Tsofaffin foldoji suna wucewa sumul, sababbin ne yake ta tsayawa a kansu.

Injiniya Bashir:
To ga zato na. 3.15 ta 2019 ce, kuma an san ta da rashin jituwa da adaftocin memori. An rubuta ɓangaren ajiyarta ne da tunanin faifai mai juyawa, wanda ake ba umarnin ya kwanta sannan a yanke masa wuta don a ja batir. Wasu adaftocin ba sa amsa wannan umarnin yadda faifai ke yi, sai a yanke musu wuta rubutu bai gama sauka a memori ba. Daga nan tsarin fayiloli ya lalace. An gyara wannan a sigogin gwaji da suka biyo baya, kuma gyaran yana cikin 4.0 da ta fito a 2025. Ka sabunta da Rockbox Utility, manhajar kwamfuta da ake sa Rockbox da ita, ina kyautata zaton za ka ga canji.

Malam Sani Mai Gyara:
Injiniya ina girmama iliminka, amma ni da nake buɗe waɗannan na'urorin a kan tebur, abin da na fi gani shi ne fileks. Siririyar igiyar nan da ta haɗa faifai da bod, tana shiga wani ɗan maƙalli mai murfi baƙi da ake ɗagawa da farce. In ba ta shige har ƙarshe ba, ko ta ɗan karkace, ko an bar adaftar tana lilo a ciki babu soso da zai tokare ta, na'ura za ta yi aiki a kan tebur, ka sa ta a aljihu ka hau babur ta fara kuka. "No partition found" da ke zuwa ya tafi da kansa, wannan alamar haɗi ne da ke yankewa. Manhaja ba ta yin ciwo yau ta warke gobe. Kuma fileks ɗin 2006 ya sha lanƙwasa, in ka duba shi da tabarau a wajen lanƙwasar sau da yawa za ka ga layin tagulla ya tsage.

Injiniya Bashir:
Malam Sani fileks zai iya kawo "No partition found", ban musa ba. Amma adaftar da ba ta farka daga kwanciya a kan lokaci ba ita ma tana kawo shi, kuma shi ma zuwa yake ya tafi. Sabunta manhaja kyauta ne, ba sai an buɗe na'ura ba. Buɗe iPod Video kuwa kowane karo sai ka yi kasadar karya haƙoran murfin ko yanke igiyar jakin kunne. A fara da mai sauƙi.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Akwai wata magana da Abban Khadija ya faɗa har sau biyu kuka wuce ta. Ya ce kayan farko lafiyarsu ƙalau, na baya ne suka lalace. Fileks mai yankewa ba ya zaɓen tsohon fayil da sabo, duk wanda ake karantawa lokacin da ya yanke shi zai shafa. Matsalar wutar 3.15 ma da tun ranar farko za ta fara cizo. Yaya, kayan da suka tsira in ka haɗa su, nawa ne girmansu? Kuma memorin nan, kai ka saya ko mai gyara ne ya kawo?

Abban Khadija:
Hajiya na duba. Abin da ya kwafu kuma yake kunnuwa a kwamfuta bai kai 30GB ba, wajen 29 da wani abu. Abin da na zuba gaba ɗaya ya haura 70GB. Memorin mai gyaran ne ya sayo a kasuwar waya, a cikin kwalinsa ya nuna mini, kuma kwamfuta tana nuna shi da girmansa cikakke.

Maman Ilham:
To ina jin tsoron memorin jabu ne. Na 32GB ne aka sa masa rigar 256. Girman da kwamfuta ke nunawa ba awo ta yi ba, tambayar memorin take yi ya faɗa mata, kuma masu jabu ɗan ƙwaƙwalwar da ke ba da wannan amsar suke sauyawa. Kamar buhu ne da aka rubuta wa kwano arba'in alhali biyar yake ci, kuma ƙasansa a ɓarke: kana ta zubawa, mai awo yana ta ƙirgawa. Jerin sunayen fayiloli da girmansu ana rubuta su daban da abin da ke cikinsu, shi ya sa kake ganin suna da girma daidai amma babu sauti. Wani jabun zubar da rarar yake yi kawai, wani kuma zagayowa yake ya rubuta a kan kayan farko, wannan ya fi muni. Memorin 32GB na gaskiya in an yi masa fomat kusan 29 da ɗoriya yake bayarwa, ka ga lissafin ya yi daidai da naka.

Kar ka ɗauki maganata haka nan, gwadawa ake yi. In ka tabbatar ka gama kwashe abin da zai kwasu, a ciro memorin a sa a kad rida. A Windows akwai H2testw, ƙaramar manhaja ce kyauta daga Jamus. Tana cika memorin da bayanan da ta sani, sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar. A Linux ina amfani da f3, wato f3write sannan f3read. Memorin ya zama babu komai a ciki kafin gwajin, kuma a bar shi ya gwada duka sararin, ko da zai kwana yana yi. Gwajin 10GB na farko ba ya kama ɓarawo, don wannan ɓangaren na gaskiya ne.

Malam Sani Mai Gyara:
Hajiya wannan lissafin naki ya shige ni. Tunda dole sai an buɗe an ciro memorin, Alhaji ka sa a duba fileks ɗin a lokaci guda. A fara cire igiyar batir kafin a taɓa komai.

Ɗan Gwammaja:
Ni dai har yanzu ban ga dalilin wannan wahalar ba. Wayar da ke aljihunka tana kunna duk waɗannan.

Abban Khadija:
Ɗan'uwa ni direban doguwar hanya ne. Waya ta kira ce da taswira, ba na son batirinta ya ƙare a daji. Wannan kuma in na tsayar da tafsiri a tsakiya, ko bayan mako na dawo daga inda na tsaya zai ɗora, kowane fayil da alamarsa. Ina canza karatu da babban yatsa ba tare da na ɗauke ido daga titi ba. Ba zan bar shi ba.

Auwalu Zariya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na nan. Nawa iPod Classic ne na 2007 mai 80GB. Na sa memori 256GB, na yi Restore da iTunes, sai ya nuna 127GB kawai. Ke nan ni ma jabu aka sayar mini?

Injiniya Bashir:
A'a Auwalu, taka daban ce, kuma wataƙila memorinka lafiya lau. Classic na 2007 mai 80GB da na 2008 mai 120GB, manhajar Apple da ke cikinsu tana ƙirga sektoci da lamba mai bit 28. Iyakar abin da wannan lambar ke iya ƙirgawa sekta miliyan 268 da ɗoriya ne, kowace sekta bayit 512, in ka ninka sai ya ba ka 128GB a lissafin kwamfuta. Abin da ya wuce nan ba ta ganinsa. Siririn Classic mai 160GB na 2009 ba shi da wannan iyakar, iPod Video ma ba shi da ita. Bambancinka da Abban Khadija a fili yake: kai na'urarka ta faɗa maka gaskiyar abin da za ta iya riƙewa, shi kuwa an yi masa alkawarin abin da babu.

Rockbox shi yana iya kaiwa ƙarshen memorin. Akwai masu faɗaɗa fatishan ɗin, wato yankin da aka yanka a memorin don fayiloli, ya cinye duka 256 su zauna a Rockbox kaɗai. In ka bi wannan hanyar, ka yi sallama da ɓangaren Apple gaba ɗaya, har da Disk Mode ɗinsa, don shi har yanzu a 128 idonsa ya tsaya, kuma barinsa ya yi rubutu a fatishan da ya fi ƙarfin ƙirgensa neman ɓarna ne. Ni shawarata ka zauna a 127 ɗin, ya ishi karatu mai yawan gaske.

Maman Ilham:
Auwalu duk da haka ka gwada memorin da H2testw. Iyakar 128 ba ta hana a haɗa maka da jabu a lokaci guda.

Abban Khadija:
Jama'a ga sakamako. An ciro memorin, na bar H2testw yana aiki tun daren jiya. Ya rubuta da ja cewa "The media is likely to be defective". Wajen 29GB ya ce OK, sauran sama da 200GB ya ce DATA LOST. Hajiya maganarki ta tabbata. Fileks kuma an duba, a zaune yake daram, babu tsaga.

Yanzu tambayata, waɗancan kaset ɗin da suka faɗa ɓangaren ƙarya, akwai manhajar da za ta dawo da su?

Maman Ilham:
Allah ya mayar da alheri Yaya. Gaskiya babu. Manhajojin dawo da fayil irin su PhotoRec suna tono abin da aka taɓa rubutawa ne aka goge sunansa. Waɗannan ba a taɓa ajiye su ko'ina ba, babu wurin da za su zauna. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai ciro maka su daga wannan memorin, kar ka ba shi. Ka koma wajen wanda ya juye kaset ɗin, sau da yawa suna barin kwafi a kwamfutarsu na wani lokaci. In kuma kaset ɗin na nan a gida, a sake juyewa, wannan karon a fara ajiyewa a kwamfuta da wani wuri na biyu. Ka kai wa mai gyaran hoton sakamakon nan. Mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi, kuma yana da sauran irin memorin da zai sa wa wasu.

Malam Sani Mai Gyara:
Wannan gaskiya ne. Mu masu gyara a kwali muke saye, kuma kwalin jabu yanzu ba ka bambanta shi da ido. Alamar da ta fi saurin tona shi ita ce kuɗi. In na 256 ya zo maka a farashin na 32, ka san abin da ka saya. Duk wanda zai sa wa mutum memori a cikin iPod ya kamata ya gwada shi kafin ya rufe murfi, don ba kamar waya ba ce da za a zare da farce.

Abban Khadija:
Kaset ɗin na nan alhamdu lillahi, sai dai wasu sun fara cin zare. Zan sayi wani memorin. Ku faɗa mini yadda zan jera aikin. Wani abokina ya ce in yi masa fomat FAT32 a kad rida tukuna sannan a sa.

Injiniya Bashir:
Abokinka ya san rabin zancen. Gaskiya ne a tsarin jera fayiloli Rockbox FAT kawai yake karantawa, irin FAT32 ɗin nan, ba ya gane exFAT ko NTFS ko tsarin Mac, kuma duk memorin da ya haura 32GB da exFAT yake fitowa daga masana'anta. Amma a iPod Video fomat a kad rida bai isa ba. Na'urar tana buƙatar wani ƙaramin fatishan a farkon ajiyar inda manhajar Apple ke zama, kuma butlodar Rockbox ma, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da shi, a nan ake dasa ta. Sannan samfurin 5.5G yana nuna wa kwamfuta sektoci masu bayit 2048, kad rida kuwa 512 take nunawa. Teburin fatishan da aka rubuta da awon kad rida, in aka karanta shi da awon iPod, lambobin ba za su faɗa wuri ɗaya ba. Mutane da yawa daga nan suke samun "No partition found" a kan memori mai lafiya.

Don haka ka gwada sabon da H2testw a kad rida, duka sararin. In ya wuce, a sa shi a na'ura. Ka haɗa da iTunes a kwamfutar Windows ka yi Restore, shi zai yanka fatishan ya yi FAT32 da awon da ya dace. In a Mac ka yi, tsarin Mac zai sa, Rockbox ba zai gani ba. Ka bari ya tashi a manhajar Apple sau ɗaya. Sannan Rockbox Utility, ka sa butloda da siga 4.0. Kar ka kwafo tsohuwar foldar .rockbox daga jabun memorin, ba ka san abin da ya lalace a cikinta ba.

Malam Sani Mai Gyara:
Ƙari ɗaya. In zai zuba kaya masu yawa, ya riƙa shiga Disk Mode na Apple. Ni duk wanda na haɗa wa haka nake ce masa, kuma ba sa dawowa da kuka.

Injiniya Bashir:
Wannan shawarar zamanin 3.15 ce Malam. Da 4.0 ina zuba kaya ta cikin Rockbox a kan adafta ba tare da matsala ba. Kuma ka ga a irin na'urar Auwalu in an faɗaɗa fatishan, wannan shawarar ce za ta lalata masa fayiloli.

Malam Sani Mai Gyara:
Na Auwalu daban, na yarda. Amma adaftocin da ke shigowa kasuwarmu ba iri ɗaya ba ne, wasu ko suna babu a jikinsu. Waɗanda suka gyara manhajar ba su gwada kowace ba. A iPod Video, Disk Mode ba ya cin kuɗi, danna maɓalli biyu ne. Me zai sa in ce wa direba ya yi gwaji da kaset ɗin mahaifinsa?

Maman Ilham:
Ku biyun kuna iya zama a kan ra'ayinku, don akwai hanyar da zai gane da kansa. Ya zuba kamar 5GB ta cikin Rockbox, ya cire ta ƙa'ida, ya sake haɗawa, ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta chkdsk, umarnin duba lafiyar ajiya, da harafin na'urar, misali chkdsk E: ba tare da /f ba, don ya duba kawai kar ya taɓa komai. In ya ce babu matsala, adaftarsa ta jitu da sabuwar sigar. In ya kawo ƙorafi, ya koma hanyar Malam Sani. Abin da ba na so a manta shi ne cirewa ta ƙa'ida. FAT32 ba ta da littafin da take rubuta aikin da ta fara don ta ƙarasa in an katse ta. Ka fizge kebul ana cikin rubutu, ko a ɗauke wuta kana kan kwamfutar tebur marar UPS, sai teburin ya rage rabi sabo rabi tsoho. A yi babban kwafi a laftof mai caji.

Kuma in wata rana ka yi chkdsk da /f ka ga folda FOUND.000 cike da fayiloli masu ƙarewa da .CHK, gutsattsarin da ya tsinto ne. Yana gyara tsarin, amma ba ya mayar da kowane fayil yadda yake. Shi ya sa kwafi ke zuwa kafin gyara.

Baba Audu Jos:
Ina ta bin zancenku. Nawa Classic ne mai 160GB na 2009, faifansa na asali, ban canza komai ba. Kwanan nan in na kunna sai in ji yana ƙas-ƙas a ciki, ya yi shiru, ya sake, sannan ya rubuta "ATA error" da wata lamba. Amma in yana jone da caja yakan tashi. Shi ma faifan ya tafi ke nan?

Malam Sani Mai Gyara:
Baba wannan da ka ce yana tashi a kan caja, shi ne abin dubawa. Lokacin da faifai zai fara juyawa ya fi kowane lokaci jan wuta. Tsohon batir yana iya nuna a cike amma ya durƙushe a wannan daƙiƙar, faifan ya fara juyi ya saki, shi ne ƙarar da kake ji. "ATA error" ma'anarsa Rockbox ya kira ajiya ba ta amsa ba, bai kai ga maganar fayil ko fomat ba. Don haka batir, fileks, ko faifan kansa.

Ga yadda za ka tambayi faifan. Jona caja. Danne Menu da tsakiya, da tambarin Apple ya fito ka danne tsakiya da maɓallin baya, na hagu. Zai shiga shafin gwaji. Danna Menu, ka shiga IO, sai HardDrive, sai HDSMARTData. Ka duba Reallocs da Pending Sectors. Na farko sektocin da suka mutu ne faifan ya musanya su, na biyu waɗanda yake shakka a kansu. In duka sifili ne ko kusa, sayi batir kawai. In sun yi yawa, ko ka duba bayan kwana biyu ka ga suna hawa, kwashe kayanka yau. Ka kuma kalli na'urar ta gefe Baba, in fuskar ta ɗago ko allon ya yi wani tabo kamar an danna shi daga ciki, batirin ya kumbura, a daina cajinsa a cire shi.

Baba Audu Jos:
Allah ya yi albarka. Reallocs 0, Pending 0. Batir zan nema.

Malama Hadiza:
Salamu alaikum. Ƙanena ne ya karanta mini wannan zancen, ni ba na gani. Ina amfani da Sansa Clip+, wata ƙaramar na'urar kunna sauti, saboda Rockbox yana karanta mini menu da murya, da shi nake bitar hadda. An sayo mini memori 64GB, mun sa, amma ba ya fitowa a jerin fayiloli sam. Tsohon mai 16GB yana fitowa. A kwamfuta kuma sabon yana buɗewa. Shi ma sai an yi masa wannan Restore ɗin?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malama. A'a, naki ya fi duka sauƙi, babu ruwanki da iTunes. A Clip+ manhajar tana zaune a ajiyar cikin na'urar, memorin kaya kawai yake ɗauka, don haka fomat a kad rida daidai ne a nan. Sabon yana kan exFAT ne, shi ya sa kwamfuta ke ganinsa Rockbox ba ya gani. Ƙanenki ya fara gwada shi da H2testw kamar yadda aka yi bayani a sama. In ya wuce, ya mayar da shi FAT32. In ya danna dama ya zaɓi Format a Windows ba zai ga FAT32 a jerin ba, don wannan tagar ba ta bayar da shi ga abin da ya haura 32GB. Ya sauke ƙaramar manhajar guiformat, ya tabbatar harafin da ya zaɓa na memorin ne, ya cire duk wata filasha da ke jikin kwamfutar kafin ya danna. In Linux gare shi, mkfs.vfat -F 32 ne. Fayil ɗaya ba zai wuce 4GB ba a FAT32, amma karatu ba ya kaiwa nan.

In kun mayar da shi, zai fito a cikin Files da suna microSD1. In kina amfani da Database, ku shiga saitinsa ku zaɓi Initialize Now, ku bar na'urar a kan caji har ta gama, sannan ku kashe ku kunna.

Malama Hadiza:
Mun yi, ya fito, na gode Hajiya. Sai dai sunayen surorin da ke sabon memorin harafi-harafi yake karanta mini, ba kamar na tsohon ba da yake faɗin sunan gaba ɗaya.

Injiniya Bashir:
Malama wannan ba matsalar ajiya ba ce, memorinki lafiya lau. Muryar menu tana cikin foldar .rockbox, amma sunan kowane fayil da folda yana da nasa ɗan guntun sauti mai ƙarewa da .talk, wanda ke zaune kusa da fayil ɗin. Tsohon memorin yana da su, sabon babu, shi ya sa ya koma harafi-harafi. In fayilolin iri ɗaya ne da sunaye iri ɗaya, ƙanenki ya kwafo foldojin daga tsohon memorin gaba ɗayansu, guntayen za su biyo. Na sababbin karatu kuma ya buɗe Rockbox Utility, a ɓangaren Accessibility akwai wurin ƙirƙirar fayilolin talk, ya nuna masa foldar da ke kan memorin. Muryar kwamfutar ce za ta karanta sunayen, don haka in ta murɗe sunan wata sura, ya sauya rubutun sunan fayil ɗin zuwa yadda za ta furta shi daidai, ya sake ƙirƙirar na wannan fayil ɗin kaɗai.